Neman shawara: wace kyamara ce ta dace da mai koyon ɗaukar hoto?

Mai tambaya, daga Garwa:

Assalamu alaikum, iyayen gidana da 'yan'uwana a wannan sana'a. Na jima ina ɗaukar hoto da wayar hannu, yanzu kuma ina so in sayi kyamara mai madubi a ciki, irin wadda ake canza wa gilashi, domin in riƙa zuwa bikin aure da suna da hawan sallah a ƙofar Lamiɗo. Abin da na tara sefa dubu 250 ne. Wani mai shago ya nuna mini Canon 2000D sabuwa, amma kuɗinta ya ɗan zarce ƙarfina, abokina kuwa cewa ya yi in nemi Nikon D3500. Don Allah ku ɗora ni a kan hanya.

Wani dattijo mai shagon hoto, daga Maruwa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Duka biyun a 2018 suka fito, kowacce tana da megafiksel 24 (ma'aunin yawan ɗigogin da ke haɗa hoto), kuma idan aka wanke hotunansu aka ajiye maka, ba za ka iya rarrabewa ba. Abin da nake jiye maka shi ne ka ƙarar da kuɗinka a kan gangar jikin kyamara, ka rasa na gilashi da batir. Da ni ne, da Canon 700D ta hannu zan nema, wadda ta fito a 2013. Megafiksel 18 ɗinta ya ishi kowane hoton biki, allonta yana juyawa, tana da mashigar makirifo, sannan tana kakkaɓe ƙurar da ta hau farantin haskenta (ɓangaren da ke ɗaukar hoton a cikinta) da kanta, abin da 2000D ba ta yi. Ragowar kuɗin ka sayi gilashin 50mm f/1.8, wato mai faɗin ƙofar shigar haske. Kafin komai kuma, ka duba kamfanin da abokan aikinka na Garwa suka fi riƙewa, domin ranar da cajarka ta ƙone a jajibirin biki, wurinsu za ka je aro.

Wata Hajiya mai ɗaukar hoton amare, daga Gaundare:

Baba ya yi gaskiya a kan ta hannu, amma da izininsa ina da ja game da gilashin 50mm. A kan waɗannan ƙananan Canon, yana aiki ne tamkar 80mm, wato yana jawo abu kusa ya rage faɗin hoton, ɗakin amarya kuwa kowa ya san yadda yake cike da gado da kwanuka da ƙawaye, babu inda mutum zai ja da baya ya haɗa mutum biyar a hoto ɗaya. Ƙanena, kada ka raina gilashin 18-55 da ake haɗa kyamarar da shi, domin shi ne zai ciyar da kai a shekarar farko. Na 50mm sai a tsakar gida da la'asar, a nan ne yake fito da fuska ya dusar da bayanta.

Wani ɗan'uwa, daga Njamena:

Ni mutumin Nikon ne, kuma dalilina batir ne. Bisa ma'aunin kamfani, cajin D3500 guda yana ɗaukar hoto wajen 1,550, na 2000D kuwa kimanin 500, wanda duk ya san yadda ake ɗauke mana wuta a watan Afirilu ya san wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Sai dai ita ma D3500 ba ta kakkaɓe ƙura da kanta, kuma ba ta da injin saita gani a jikinta, saboda haka gilashin Nikon da ba a rubuta masa AF-S ko AF-P ba, alamar gilashi mai nasa injin, da hannu za ka riƙa murɗa shi.

Ko wacce ka zaɓa, Malam, kada ka biya kuɗin ta hannu sai ka jarraba ta. Ka sa ta a f/22, wato ka tsuke ƙofar shigar haske sosai, ka ɗauki sararin sama, ka buɗe hoton a kwamfuta, duk wani ɗigo ko karce da ke kan farantin haske zai bayyana. Ka haska fitilar waya cikin gilashin, domin kayan da suka daɗe a Duwala sukan yi fumfuna saboda danshi, kuma gyaranta yana da wuya. Ka bincika yawan hotunan da ta taɓa ɗauka, tunda ƙananan Nikon irin wannan an gwada makullinsu, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a kowane hoto, a kan bugu 100,000 ne. A lokacin hunturu kuma, kada ka kuskura ka cire gilashi a filin hawa inda dawakai suke ta da ƙura.

Wani matashi, daga Kusuri:

Ina neman afuwar manya, amma tun 2018 Canon da Nikon suka karkata ga kyamarori marasa madubi. Anya ba asara ba ce mai tambaya ya zuba kuɗinsa a abin da ake barin yayinsa?

Dattijon Maruwa:

Tambayarka tana kan hanya, ɗana, sai dai wannan sauyin ne ya karya farashin na hannu har mai dubu 250 yake iya shiga kasuwar. Gilasan EF kuwa, wato na Canon masu madubi, tun 1987 ake ƙera su, kuma suna hawa sababbin Canon da ɗan mahaɗi, don haka abin da ya saya yau zai bi shi idan ya canza kyamara. Akwai abu ɗaya da na manta game da 2000D: da yawa daga cikinsu ba su da ƙarfen tsakiya a mazaunin filasha, wanda ya sa filasha mai araha ba ta tashi a kansu. Idan har zuciyarsa ta tsaya a kanta, to ya tafi shagon da filashar da zai yi aiki da ita, a gwada a gabansa.