Supabaiza ta soke min hotuna 14 cikin 20, ta ina zan fara?

Ɗan_zane:
Salam jama'a. Ina rubuta furojet ɗina a kan fastocin bango na Bauhaus, tsohuwar makarantar zane ɗin nan ta Jamus, na tattaro hotuna 20 a Pinterest masu kyau wallahi, jiya na kai wa supabaiza ta bi 14 da jan biro, abin da ta rubuta kawai "daga ina?" Ni kuwa na ga duk an rubuta Bauhaus 1923 a jikinsu. Don Allah ya kuke tantance hoto kafin ku saka?

Anti_Laburare:
Wslm ƙanena, gaskiya ma ta yi maka sauƙi. Yawancin masu da'ira ja da rawaya ɗin nan da ake rubuta wa 1923 sababbi ne, 'yan kasuwa ke zana su don adon ɗaki, ba daga makarantar suka fito ba. Bauhaus an buɗe ta a Weimar a 1919, ta koma Dessau, aka rufe ta a Berlin a 1933, kuma akwai fastar baje kolin 1923 ta asali wadda Joost Schmidt ya zana, nemo ta ka ajiye kusa da naka, idonka zai gaya maka. Kowane hoto ka jefa shi a Google Lens ko TinEye, manhajojin nemo asalin hoto, ka bi sawunsa, in bai kai ka gidan tarihi ko littafin da ya faɗi mai zane da shekara da girman takardar ba, to rabu da shi komai kyansa.

Mai_buga_takarda:
Ka duba girma ma. Hoto mai faɗin fiksel 600 in za a buga a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, inci 2 kawai zai ba ka, ka ja shi ya cika shafi sai ya dagargaje. Sikirinshot kam kar ma ka fara.

Malam_S:
Ni tambayata daban ce, ko shidan da suka tsira me kowanne ke yi a wurin? Na taɓa duba aikin wani ɗalibi, fastoci 5 a jere duk magana ɗaya suke yi, da na ce ya cire uku kamar zai yi kuka. In babu sakin layin da ke nuni da hoton, ado ne kawai. Sannan a kula da waɗanda aka yanke wa gefe, sau da yawa can ƙasa sunan maɗaba'a yake.

Ɗan_zane:
Na gode sosai. Anti na gwada guda uku yanzu, biyu kasuwar intanet ta Etsy suka kai ni 😭