Aikin koyar da Turanci a babbar sakandare a Japan: in sa hannu ko in dakata?

Malama_Nahawu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani kamfanin da ke tura malamai makarantun gwamnati a Japan ya ba ni aikin mataimakiyar malamin Turanci, wato ALT, a babbar sakandare. Albashi yen 230,000 a wata, kwantiragin shekara guda daga Afrilu, awa 29 da rabi a mako, haya kuma a kaina. Suna jiran amsa kafin Litinin don su nema mini takardar cancantar shiga ƙasa. Kuɗin zai riƙe mutum ɗaya? Nawa ya kamata in riƙo a hannu?

Ɗan_Alli:
Wa alaikumus salam. Malama, me ya hana ki neman Koriya ta Kudu? Can har gida ake bayarwa.

Mai_Jan_Biro:
Ɗan Alli, kada ka ɓata mata lokaci. Bizar E-2 ta koyar da Turanci a Koriya, 'yan Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu aka fi ware wa. Japan kuwa digiri take nema, da shaidar an yi shekara 12 ana koyar da ke da Turanci, don haka ki fara bin wasiƙun firamare da sakandare tun yanzu.

Darasi minti 50 ne, aji yakan kai ɗalibai 40, kuma tare da malami ɗan ƙasa za ki shiga. Wani zai mayar da ke rakoda, ki karanta yara su maimaita. Wani ya sakar miki ajin gaba ɗaya. Inda sababbi ke faɗuwa shi ne jefa tambaya ga aji duka. Shiru za ki ji, ba raini ba ne, gudun kuskure a gaban tsara ne. Ki ba su minti biyu su rubuta amsa, su gwada da na kusa da su, sannan ki kira suna. Bayan darasi akwai gyaran insha'i, da horar da masu gasar jawabi da masu jarrabawar Eiken ta ƙwarewar Turanci.

Tsohon_Hannu:
Duk ku tsaya. Ƙanwata, wannan 29 da rabin shi ne tarkon. Suna rubuta shi ne don kada a kai awa 30 su sa ki a shakai hoken, inshorar lafiya da fansho da kamfani ke biyan rabi. Alhali daga safe har la'asar kina makaranta, darasi kawai suke ƙirgawa. Albashin Afrilu sai ƙarshen Mayu. Agusta ana hutu, a zaftare. Maris ma haka. A Yunin shekara ta biyu harajin mazauni ya iso, kusan kashi 10 cikin ɗari na abin da ake yi wa haraji a kuɗin bara. Sannan hukumar ilimi ta ba wani kamfani kwangila saboda ya fi araha, a faɗa wa mutum saura 'yan makonni. Haka aka yi mana mu da yawa, ko sannu babu. Allah ya isa.

Hajiya_Lissafi:
Yaya, Allah ya huci zuciyarka, amma bayaninka ya kwana biyu. Tun Oktoban 2016 aka fara sa masu awa 20 zuwa sama a inshorar a manyan kamfanoni, daga Oktoban 2024 kuma ta hau kan duk kamfanin da ma'aikatansa suka haura 50. Malama, ki ce su rubuto miki ko za a sa ki, da nawa za a biya a Agusta da Maris. Jimillar shekara za ki duba, ba ta wata ba.

Tsohon_Hannu:
Hajiya, doka daban, abin da ake yi daban. Wanda ya karanta a intanet ba zai gyara wa wanda ya ɗanɗana ba.

Hajiya_Lissafi:
Wanda ke amsar takardar albashi yanzu fa? Ita ke nuna abin da ake cirewa.

Ɗan_Alli:
Ni dai shawarata ki sayi safa mara huji dozin guda. A ƙofar makaranta ake cire takalmi a sa na ciki, ranar farko babban yatsa ya gaida shugaban makaranta kafin ke 😂

Mai_Jan_Biro:
Kan guzuri, yen 300,000 ya isa in ƙaramin gari ne. Ana samun ɗaki a 40,000.

Abu_Hanan:
Ina! Ƙasa da 500,000 wahala ce. Ɗaki kusa da tashar jirgi 70,000 ne, ga kuɗin ajiya, ga reikin da ake ba mai gida ba ya dawowa, ga la'adar dillali, ga kamfanin da zai tsaya miki, ga abincin wata biyu. Babbar sakandare kuma galibi ba ta ba da abincin rana, da kanki za ki dafo, wanda ma ya fi, tunda naman alade da mirin, wato giyar shinkafa ta girki, ba sa wuyar shiga miya. Shirin JET na gwamnati, mai ɗaukar ALT shi ma, ya fi waɗannan kamfanonin biya nesa ba kusa ba, sai dai ba kowace ƙasa ke ciki ba.

Malama_Nahawu:
Na gode ƙwarai. To 300,000 ko 500,000? Ba su ma faɗi garin da za a tura ni ba.

Tsohon_Hannu:
Ba za su faɗa ba sai dab da tafiya. Abu Hanan, ka ma yi sa'a da aka ba ka ɗakin. Dillali zai buga wa mai gida waya a gabanka, da ya ce baƙo ne sai ka ga ya fara sunkuyar da kai yana ba ka haƙuri.

Abu_Hanan:
Fitar ta fi shigar ciwo. Kuɗin shara daban, na takardar bango daban, duk daga ajiyarka. Wanda bai ɗauki hoton kowane tabo ranar da ya karɓi makulli ba, da me zai yi musu?

Hajiya_Lissafi:
Ai tsufan da ɗaki ya yi da kansa ba a kan ɗan haya yake ba. Wa ya taɓa ƙin biya aka dawo masa da kuɗinsa?