Ranar da kuka fara tsoma lasifikar sona (na'urar gano abubuwa a ƙarƙashin ruwa da sauti) a ruwa, me ya faru?

Sabon shiga:
Assalamu alaikum manya. Wata uku ina haɗa lasifikar ƙarƙashin ruwa irin ta Tonpilz, wato zoben siramik na PZT (mai motsi idan an ba shi wutar lantarki) guda 4, kai na alminiyom, jela ta ƙarfe mai nauyi, dogon noti a tsakiya ya matse su duka. A kan tebur komai lafiya lau, rezonans, wato firikwensin (yawan kaɗawa a daƙiƙa) da ta fi kaɗawa da ƙarfi a kansa, yana daidai inda na lissafa. Jiya na tsoma ta a tanki sai firikwensin ya sauko, tsinin nan mai kaifi da nake gani a allo kuma ya baje kamar ba ita ba. Ni na ɓata aikin ko kowa haka ta yi masa? Don Allah kowa ya faɗi nasa.

Tsohon hannu:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanena, ba ka ɓata komai ba. Ruwan da ke gaban kan yana motsi tare da shi, ya zama ƙarin nauyi kenan, dole firikwensi ya sauko. Bajewar tsinin ma abin murna ne, alama ce ƙarfin yana fita yana shiga ruwa, a iska ai kusan babu abin da take turawa. Ni nawa ya fi naka muni wallahi, ɗoki ne ya kwashe ni na ba ta cikakkiyar wuta tun tana kan tebur, ban kai minti ɗaya ba na ji ƙas, zobe biyu sun tsage. Siramik yana jure matsi amma ba ya jure ja ko kaɗan, amfanin notin tsakiyar kenan, ni kuma ga noti ban ɗaure sosai ba ga babu ruwan da zai riƙe ta. Ranar ko magana ban iya yi wa ogana ba.

Yar lab:
Ni kumfa ce ta wahalar da ni. Mun zuba robar poliyuretan muka rufe fuskar lasifikar ba mu zuƙe iskar ciki da inji ba, a ido tas take, amma a ruwa kullum awo daban, yau sama gobe ƙasa, sati biyu muna zargin amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin wuta) har muka canza waya, ashe 'yan ƙananan kumfa ne kwance tsakanin roba da alminiyom. Sauti in ya taho daga ƙarfe ya ci karo da iska komawa yake yi. Yanzu ko wadda aka rufe da kyau sai na goge fuskarta da ruwan sabulu na bar ta ta kwana a tanki kafin in yarda da kowace lamba.

Mai jirgi:
Mu a teku muka sha tamu. Mun rataya ta kamar mita 1 ƙasa, muna ƙara wuta ƙara na ƙaruwa, can sai ta tsaya cak, makirufon ruwa ya fara kawo wani shuuu kamar an watsa ruwa a garwashi. Kabiteshan kenan, idan fuskar ta ja baya da ƙarfi sai ruwan ya yage ya yi kumfa, kumfar ta tare sautin kuma tana cin fuskar a hankali. Wani dattijo cikinmu ya ce a ƙara igiya kawai. Duk mita 10 da ka sauka matsi na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar sarari guda, muna kaiwa can ƙasa abin ya ɗauke. Langevin ma, masanin kimiyya ɗan Faransa, a 1917 da ya matse dutsen kwaz tsakanin farantan ƙarfe ya gwada a Tulon ta Faransa, ƙarfin har ƙananan kifaye ya kashe, to ba wasa ba ne.

Tsohon hannu:
Af, na manta. Tankin naka nawa ne girmansa?

Sabon shiga:
Mita 2 ne faɗi yaya, zurfi bai kai haka ba.

Yar lab:
To ai ga wata matsalar nan malam. Sauti a ruwa yana gudun kusan mita 1500 a daƙiƙa, ya ninka na iska fiye da sau 4, kafin ka ƙifta ido ya bugi bango ya dawo ya cakuɗe da wanda kake aunawa. Kar ka sake sauti mai ɗorewa, ka riƙa aika gajere gajere kana yanke awon kafin amsa-kuwwar ta iso. In firikwensinka ƙasa ne kam ka haƙura da tankin, a kilohaz 1 (kaɗawa 1000 a daƙiƙa) tsawon zangon sauti ɗaya mita 1.5 ne, ko zagaye biyu ba za ka samu masu tsabta ba.

Sabon shiga:
Na gode ƙwarai, tawa wajen kilohaz 30 take, zango santimita 5 kenan, ina ga tankin zai ɗauka. Na goge ta da sabulu na bar ta a ciki, da safe in sha Allah zan sake aunawa in kawo muku lambobin. Yaya, notin nan ya kake gane ya ɗauru yadda ya kamata ba tare da ka fasa zoben ba?