Allurar ciwon suga ta hana ni cin abinci, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 6 ke nan ina fama da ciwon suga nau'i na 2, ina shan metformin. Wata biyu da suka wuce likita ya ƙara min allurar Ozempic, sau ɗaya a mako. Mako 4 na farko a kan 0.25 mg lafiya lau. Da aka ɗaga zuwa 0.5 mg ne abin ya juye min.

Ran Lahadi nake yin allurar. Litinin da Talata ko ƙamshin girki ba na iya jurewa, loma uku cikina ya cika tam, ga gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, har kunyar buɗe baki nake a wurin aiki. Bayan gida kuma sai in kwana uku ban fita ba.

Na rage maiƙo, ina ci kaɗan-kaɗan, na daina kwanciya da zarar na ci. Sauƙin bai taka kara ya karya ba. Amma sugan ya sauka, da safe 118 maimakon 190, shi ya sa ba na son dainawa. Likita kuwa sai nan da mako 3.

Don Allah waɗanda suka sha wannan, jiki na sabawa? Bayan mako nawa? Ko in nemi ganin likita tun yanzu ya mayar da ni 0.25?