Shin babba ya tsame hannunsa daga wasan yara?

Malamin Firamare: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da nake so mu tattauna, na kuma san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina, in muna so basirar yaro ta buɗe, mu tsame hannu daga wasansa. Kada a nuna masa yadda ake yi, kada a cika masa ɗaki da kayan wasa. A 2011 Elizabeth Bonawitz da Laura Schulz da abokan aikinsu a Amurka suka wallafa wani gwaji. Sun haɗa abin wasa na bututai mai sirri huɗu: ƙara, fitila, kiɗa da ɓoyayyen madubi. Yaran da aka ce wa "ga yadda yake aiki" aka nuna musu ƙarar, sai suka liƙe mata. Waɗanda ba a koya wa ba sun fi daɗewa suna jujjuya shi, sun kuma fi gano sauran. Da babba ya buɗe baki, yaro ya ɗauka an gama magana.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam Malam. Kai da an kaɗa ƙararrawa ka sallame su, shi ya sa bakinka yake da sauƙi. Nawa na ƙyale su, suka kwashe matasan kujera kaf suka jera a tsakar ɗaki wai jirgin ruwa, zanin gado ya zama teku, ɗaya ya hau tebur yana ihu wai ga wani kada nan ya biyo su. Kafin in ankara matashi guda ya fashe, auduga har ƙarƙashin gado. Wa ya share?

Malamin Firamare: Ke kika share, Hajiya, Allah ya ba da lada. To amma jirgin wa ya koya musu?

Baban Uku: Malam, ban yarda ba sam. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekarun nan na farko su ne kai yake kama abu da sauri, sai mu bar su suna tuƙa jirgin matashi? Nawa daga makaranta sai lesin, wasa sai ƙarshen mako. Ba a taɓa tambayar yaro a jarrabawa ko ya iya mai da kwali mota ba.

Ɗalibar Jami'a: Baba, a yi mini afuwa in sa baki, fannin da nake karanta ke nan. A Finland sai yaro ya kai shekara 7 yake shiga firamare, kuma bai hana su iya karatu ba. Amma shi ma Malam kada ya yi saurin murna. Gwajin da ya kawo fuska biyu gare shi: yaran da aka nuna wa sun kama abin nan take, sauran kuwa ba kowa ne ya gano ƙarar ba. Sannan a 2013 Angeline Lillard ta Jami'ar Virginia da abokanta sun bi diddigin binciken da aka tara shekaru a kan wasan kwaikwayon da yara ke yi, irin na mai da matashi jirgi, suka ce hujjar cewa shi ke haifar da basirar ƙirƙira ba ta da ƙarfi. Mai yiwuwa yaro mai basira ne yake yawan irin wannan wasa tun asali.

Baban Uku: Yauwa 'yata! Kin gama min aiki.

Ɗalibar Jami'a: Ban gama ba Baba. Ba su ce wasa ɓata lokaci ba ne, sun ce a daina ɗora masa alkawarin da ba a tabbatar ba. Kuma ba sai ya sa yaro ya zo na ɗaya ba kafin a bar shi ya yi. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya lissafa hutu da wasa cikin haƙƙoƙin yaro.

Kakar Yara: Ku 'yan boko kun cika kawo sunayen Turawa. Ni abin da idona ya gani zan faɗa. Yaro ba ya ƙirƙiro wasa daga iska, abin da ya gani yake juyawa. Jikata kan jera takalma ta ce ɗalibanta ne, ta riƙe tsinke tana zagaya su, hannu ɗaya a bayanta, har da gyaran murya irin na malamarta. Takalmin da ya karkace shi ne mai surutu, kullum shi ake fitarwa waje. Ranar da aka kai ta asibiti, da muka dawo takalman nan duk sun kwanta rashin lafiya, ana bin su da allura. To Malam, in uwa ta tsame hannu har ta kai ga korar yaro duk lokacin da take aiki, "tashi ka ba ni wuri", ba a zuwa da shi ko'ina, ba a ba shi labari da dare, me zai kwaikwaya? Ni ban taɓa zama na yi wasa da 'ya'yana ba, amma ban taɓa korarsu daga gefena ba.

Malamin Firamare: Mama, ai wannan ba sa hannu ba ne, bar shi ya gani ne. Abin da nake ƙi shi ne uban da zai tarar da yaro ya zana doki mai ƙafa shida ya karɓi fensir ya gyara.

Kakar Yara: To ka faɗi haka tun farko, ɗana. Yadda ka ɗauko ta, malalacin uba zai ji daɗi ya ce Malam ya ba shi fatawa.

Ɗalibar Jami'a: Takalman Mama sun tuna min da Vygotsky, masanin Rasha da ya rasu a 1934. Ya ce yaron da ya hau sanda ya ce doki ne ya fara raba ma'ana da abin da ido ke gani, wanda karatu ma yake bukata: harafi zane ne kawai, kai ke ba shi sauti. Ya kuma lura wasan nan cike yake da dokoki. Mai yin likita ba ya kuka, mai yin mara lafiya ba ya tashi da gudu. Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, ce masa shi ne mai gadi, ka ga tsayuwa. Ladabin da Baba ke nema a lesin, wani sashensa yana nan.

Goggo: Tunda ana maganar, ku ba ni shawara. 'Yar ƙanena tana da wata ƙawa da ba mai ganinta sai ita. Tana ajiye mata wuri, in ka zauna a kai sai kuka. Hankalina ya tashi, kuma ina tsoron kada ta saba da ƙarya.

Ɗalibar Jami'a: Goggo kwantar da hankalinki. Marjorie Taylor ta Jami'ar Oregon ta daɗe a kan wannan, kuma a bincikenta na 2004 kusan kashi 65 cikin 100 na yaran da ta bincika sun taɓa yin irin wannan aboki kafin su wuce shekara 7. Yawancinsu sun san wasa ne, wasu ma da kansu suke tuna wa mai tambaya. Abin lura shi ne in tana jin tsoron ƙawar, ko ta daina shiga cikin yara, sai a ga likita.

Kakar Yara: Ƙarya ita ce a fasa kofi a ce ƙawar ce. Nan sai ki ce to ke da ita ku zo ku kwashe.

Maman 'Yan Biyu: Duk kun kauce wa waya. In ina da aiki, ita ce kaɗai ke sa su zauna.

Malamin Firamare: Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ni damuwata, waya ba ta barin yaro ya gaji da zama, alhali daga "Mama na rasa abin yi" ake fara gina jirgi. Ki jure ƙorafin na ɗan lokaci. Ki kuma rage kaya: a Jami'ar Toledo an gwada yara da kayan wasa 4 da kuma 16, masu 4 sun fi daɗewa a kan kowane ɗaya, sun fi sarrafa shi hanyoyi daban-daban.

Ɗalibar Jami'a: Yara 36 ne kacal a gwajin nan, Malam, kuma duk ba su kai shekara 3 ba.

Baban Uku: Kayan wasa zan iya kwashe rabi in ɓoye, dama tuntuɓe nake yi da su. Lesin kuwa yana nan daram. Sai dai ƙaramin, shi shekararsa 4, zan yi magana da uwarsu ko a ɗage masa zuwa baɗi.

Maman 'Yan Biyu: Ni har yanzu ba wanda ya gaya min yadda zan gama aiki da yara biyu a gindina babu waya. Mama, ke da ba ki kore su ba, da wuƙa da wuta ya kika yi?