Kemistirin aji ɗaya, ina mafita?

Ɗan Ƙofar Soro: Salam 'yan uwa, ƙanwata ta shiga jami'a nan Katsina, kemistiri na neman kayar da ita, aji cike maƙil malam na ta rubutu su kuma kwafa kawai, lissafin mol (ma'aunin yawan sinadari) sam bai zauna mata ba. Ya za a yi?

Malama Daura: Ta shiga shafin PhET na jami'ar Colorado a Amurka, kyauta ne, akwai gwaje-gwajen kimiyya na kwamfuta, har da na daidaita ikweshon na kemistiri, tana taɓawa tana gani. Ni ɗalibaina tambaya nake jefa musu, kowa ya amsa, su yi gardama da na kusa sannan su sake amsawa, wallahi sun fi ganewa.

Baban Ummi: Malama data fa?

Malama Daura: Ana saukewa a buɗe ba intanet. Amma titireshon (ɗiga wani sinadari cikin wani don auna ƙarfinsa) kam sai ta shiga lab da kanta.