Tun bayan tiyatar gumi yatsuna ke sanyi, zuciyata kuma ta rage gudu

Ummu Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Bara aka yi min tiyatar da ake kira ETS saboda gumin tafin hannu da ya addabe ni tun ina yarinya, ga kuma fuskata da ke ɗaukar zafi ta yi ja da zarar an zuba min ido a taro. Ta ƙarƙashin hamata aka huda, hagu da dama, aka zura kyamara aka yanke jijiyar. Da farko na yi murna, hannu ya bushe ya yi ɗumi. Yanzu abin ya juya. Yatsuna sanyi ƙalau, in na taɓa ruwan sanyi sai su koɗe su sage. In na miƙe da sauri sai jiri. Bugun zuciyata da yake wajen 80 a da, yanzu da ƙyar yake kai 60. Gumin kuwa ya koma baya da ciki da cinyoyi. Wanda ya yi min aikin ya ce gumi kaɗai ya taɓa. Akwai alaƙa ne, ko wata cuta ce daban? Ƙanwata ma tana so a yi mata, ita saboda jan fuska kawai.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ni ma an yi min, kuma ban yi nadama ba, don a da ko takarda na riƙe sai ta jiƙe. Amma gumin baya kam ina fama da shi, lokacin zafi sai na canza riga. Sanyin yatsu ne ban sani ba.

Malam Nura: Malama Ummu, ni ilimin aikin gaɓoɓin jiki nake koyarwa, kuma alaƙar a fili take. Abin da aka yanke miki sarƙar jijiyar saƙo ce da ake kira simfatetik, tana kwance a gefen ƙashin baya ta cikin ƙirji. Yawanci a daidai haƙarƙari na 2 zuwa na 4 ake yankewa, na 2 don fuska, na 3 ko na 4 don hannu. Ba gumi kaɗai take sarrafawa ba. Ita ce ke umartar ƙananan jijiyoyin jini na fata su tsuke, kuma daga wannan yankin ne rassan da ke ƙara wa zuciya gudu suke fita. Kamar waya ɗaya ce da ke kai wuta ɗaki uku, ba yadda za a yi a datse ta a ce ɗaki ɗaya ne zai yi duhu.

Ba sabon ilimi ba ne. Tun farkon shekarun 1850 Claude Bernard na Faransa ya yanke wannan jijiya a wuyan zomo, kunnen wannan gefen ya yi ja ya yi zafi saboda jijiyoyin jininsa sun saki. Ɗumin da kika ji da farko ke nan. Daga baya kuma jijiyoyin jinin da suka rasa mai ba su umarni sukan zama masu saurin amsawa fiye da kima ga sinadarin noradirenalin da ke yawo a jini, ɗan sanyi ko ɗan firgici sai su damƙe. Shi ya sa ko masu ciwon Raynaud, wato ciwon da ke sa yatsu su koɗe su sage in sun ji sanyi, da ake yi wa irin wannan tiyata don yatsunsu su yi ɗumi, da yawansu ciwon kan dawo musu.

Abban Khalil: Ki je a cire miki ƙarfen da ake maƙala wa jijiyar mana. Na ji ana cirewa komai ya dawo daidai.

Malam Nura: Ɗan uwa, ta ce yankewa aka yi, ba maƙalewa ba. Ko waɗanda aka maƙala wa ɗan ƙarfe, cire shi ba ya tabbatar da jijiyar za ta farfaɗo, musamman in an daɗe. Ana gwada dasa wata jijiya a gurbin, amma wannan babban aiki ne kuma sakamakonsa ba tabbas.

Sista Maryam: Ni ma'aikaciyar jinya ce. Bayanin Malam daidai ne, sai dai kada mu jibga komai a kan tiyata mu zauna. Ƙarancin jini, raunin aikin tayirod (ƙullin da ke gaban wuya) da ciwon suga duk suna kawo sanyin hannu ko jiri, kuma gwajin jini ne ke raba gardama. Ki ga likitan zuciya, a yi miki gwajin bugun zuciya na ECG, a auna hawan jininki kina kwance sannan kina tsaye. In lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye cikin minti 3 da miƙewa, to an gano dalilin jirin, kuma akwai abin yi. Bugu 60 shi kaɗai bai ba ni tsoro ba. Abin da ba a jira da shi: suma, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, ko yatsa ya yi baƙi ko ya fito da gyambo. Kafin nan ki riƙa zama a bakin gado kaɗan kafin ki tashi, ki sha ruwa sosai tunda bayanki na zubar da shi, ki sa safar hannu, ki guji hayaƙin taba da maganin mura mai ɗauke da sudoefedirin, don yana tsuke jijiyoyin jini.

Anti Zee: Ni maganar ƙanwar ce ta tsaya min a rai. Don Allah ku hana ta gaggawa. Na jan fuska a sama ake yankewa, kuma can ne gumin ramuwa, wato wanda ke komawa baya da ciki, ya fi tsanani, can ne kuma ake kusa da ƙullin jijiyar da in an taɓa shi fatar ido ke saki, ƙwayar ido ta ƙanƙance. In gefe ɗaya ya kama ɗaya bai kama ba, rabin fuska ya yi ja, rabi ya koɗe. Ba banza Suwidin ta hana wannan tiyata a 2003 ba, Taiwan kuma ta hana yi wa 'yan ƙasa da shekara 20. Jan fuska galibi da fargabar taro yake tafiya, kuma zama da likitan halayyar ɗan Adam yana rage shi ba tare da wuƙa ba.

Hajiya Rabi: Anti, kada dai a tsorata mutane gaba ɗaya. Wasunmu mun samu sauƙi na gaske. Amma na yarda, ni sai da na gwada man shafawa mai aluminiyam da injin ruwa mai ɗan lantarki da allurar Botox kafin na yarda a taɓa ni.

Ummu Sadiq: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sista, na manta ban faɗa ba: har yanzu ina shan furofaranolol da aka rubuta min tun kafin aikin saboda faɗuwar gaba. Yana da nasaba?

Sista Maryam: Ai da shi ya kamata ki fara, 'yar uwa! Wannan magani rage bugun zuciya shi ne aikinsa, kuma sanyin yatsu na cikin sanannun illolinsa. Ga jijiya an yanke, ga shi kuma a kai. Amma kada ki daina shi farat ɗaya, zuciya na iya zabura. Ki tafi da kwalinsa da takardar aikin da ke nuna haƙarƙarin da aka yanke, likita ya duba ko za a rage miki a hankali.